Kilo 11 da Suka Ƙi Sauka Bayan Aikin Rage Tumbi

Wasiƙar wannan makon daga Kano ta zo, daga wata baiwar Allah da ta nemi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Anti, shekaruna 38, 'ya'yana huɗu, tsayina mita 1.63. Wata 20 ke nan da aka yi mini aikin rage tumbi a Alƙahira, irin wanda ake yanke mafi yawan tumbin a cire. Na shiga asibiti ina da kilo 128, yanzu ina da 86, amma wata shida ke nan sikeli bai motsa ba, ni kuwa burina in kai 75. Likita ya dakatar mini da maganin ciwon sukari, gwiwoyina sun daina ciwo, har na koma yin salla a tsaye. Duk da haka, idan na shiga biki sai in ji ana cewa, 'Duk kuɗin da aka kashe, ashe da sauranta.' Na daina karin kumallo, wani lokaci har da abincin rana, sai shayi da madara da kunun aya da 'yar gyaɗa nake ɗan taɓawa. Na kuma fara shan wani shayin rage ƙiba da na saya a Instagram. Jiri yana ɗibana, gashina yana zuba. Shin in koma a sake yi mini aiki ne, ko in fara allurar rage ƙibar nan da ake yayi?"

Ƙanwata, Allah Ya ƙara lafiya, Ya kuma sa kaffara ne. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai ba kilo 11 ɗin da kike nema ba ne, jirin nan ne da zubar gashi. Zan zo kan kilo ɗin, domin su ne suka sa kika ɗauki alƙalami, amma ina so mu fara yin lissafi tare, saboda ina ganin da ma'aunin mutanen biki kike auna kanki, ba da ma'aunin likitoci ba.

Daga 128 zuwa 86, kilo 42 kika sauke, wato kusan kashi 33 cikin 100 na nauyin da kika shiga asibiti da shi. Irin aikin da aka yi miki, wanda ake cire wajen kashi 75 zuwa 80 na tumbi a bar shi siriri kamar hannun riga, abin da galibin mutane suke saukewa da shi yana tsakanin kashi 25 da 30 ne na nauyinsu. Kin ga ke nan kin zarce abin da aka saba gani. Akwai wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, inda aka bi rayuwar mutum wajen 4,000 masu matsananciyar ƙiba, rabinsu an yi musu aiki, rabi ba a yi musu ba. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa aikin karkatar da hanji, wato a rage tumbi a kuma sa abinci ya tsallake wani sashe na hanji, wanda shi ne mafi ƙarfi a cikin ayyukan da aka gwada, sun sauke kashi 32 a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, bayan shekara goma kuma suna riƙe da kashi 25. Galibinsu ba su taɓa zama sirara ba, amma mace-mace a cikin waɗanda aka yi wa aiki sun ragu da kusan kashi 30 idan aka kwatanta da 'yan'uwansu. Don wannan ake yin aikin, kuma ke da kanki kin kawo shaidarsa: an ɗauke miki maganin sukari, kuma goshinki yana kai wa ƙasa ba tare da kujera ba. Wadda ta yi shekaru tana salla a zaune ita ta san darajar wannan.

Tsayawar sikeli a daidai wannan lokaci ba alamar lalacewar aikin ba ce. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin suna kai wa ƙarshen saukarsu tsakanin wata 12 da 18, wasu zuwa wata 24, daga nan jiki ya tsaya. Dalilan a fili suke. Jiki mai kilo 86 ba ya ƙona abincin da jiki mai kilo 128 yake ƙonawa, ko a zaune ko a tafe, kamar yadda ƙaramar mota ba ta shan man da babbar mota ke sha. Bayan haka, ba kitse kaɗai mutum yake rasawa ba idan ya rame da sauri, har da tsoka, ita kuwa tsoka tana cin makamashi ko mutum yana barci. Sannan sashen tumbin da aka cire shi ne ya fi samar da girelin, sinadarin da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa, shi ya sa a watannin farko sai an tuna miki ki ci abinci. A hankali sha'awar ci takan dawo, tumbin da ya rage kuma yakan ɗan saki ya karɓi fiye da abin da yake karɓa a da. Ba laifinki ba ne, haka halittar take. Abin da wannan yake nufi shi ne a shekarar farko wuƙar likita ce take aiki, yanzu kuwa kiɗa ya canza, dole rawa ma ta canza.

Rawar da kika zaɓa, wato zama da yunwa, ita ce mafi illa ga mai irin cikinki, kuma ina zargin ita ce ta riƙe sikelin. Ki ɗauki tumbinki na yanzu kamar mazurari. Idan kika zuba masa abu mai kauri, kamar nama ko ƙwai ko wake, sai ya cika ya tsaya, ki ji kin ƙoshi da loma kaɗan, ƙoshin kuma ya daɗe. Idan kika zuba masa ruwa, wucewa yake yi, ko da wane irin sukari da maiƙo ne a cikin ruwan. Yanzu ki dubi abin da kika lissafa mini. Shayi da madarar gwangwani da sukari ruwa ne. Kunun aya ruwa ne, ga man da ke cikin ayar, ga dabino ko sukarin da ake zaƙaƙa shi da su. Gyaɗa kuwa, idan aka tauna ta ta yi laushi, ba ta cika ciki, alhali cikin tafin hannu guda nata yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin makamashin da abinci ke ba jiki, wajen 170, fiye da dafaffen ƙwai biyu. Wadda take wucewa tana ɗiban gyaɗa sau huɗu ko biyar a yini tana iya cin abin da ya kai cikakken abincin rana, ta kwanta tana rantsuwa cewa ba ta ci komai ba, kuma a zuciyarta gaskiya take faɗa. Haka abin yake ga cincin, biskit, alkaki, fura mai sukari, zoɓo mai zaƙi da lemon kwalba, wanda roba guda ta rabin lita take ɗauke da sukari sama da giram 50, kwatankwacin ƙwayar sukari 13. Don haka kina cikin hali mai wuya biyu: abin da ke hana rama yana shiga, abin da ke gina jiki kuma ba ya shiga.

Shayin nan na Instagram ki zubar da shi yau. Yawancin irinsa ganyen filasko ne ko wani abin da ke sa gudawa da yawan fitsari, kuma abin da suke fitarwa ruwan jiki ne da gishirinsa, ba kitse ba. Mai cikakken tumbi ma yana wahala da su, balle ke da ba ki iya kwankwaɗar ruwa da yawa a lokaci guda ki mayar da abin da kika rasa. Ba zan yi mamaki ba idan rabin jirin nan daga gare shi yake.

Sauran rabin kuma sai jini ya faɗa mana. Zubar gashi abu ne da aka sani bayan wannan aiki, amma tsakanin wata na uku da na shida yake tsananta, ya lafa kafin shekara ta zagayo. Gashin da yake zuba a wata na 20 yana nuna ƙarancin wani abu, galibi furotin, wato sinadarin gina jiki, ko sinadarin ayon mai ƙara jini, ko zink. Ba ki ambaci ƙwayoyin bitamin ba ko sau ɗaya a wasiƙarki, kuma wannan ya dame ni, domin su ba na watanni ba ne, na tsawon rai ne. Tumbin da aka cire shi ne yake samar da ruwan tsami da wani sinadari da jiki ke buƙata kafin ya tsotsi ayon da bitamin B12, ƙarancin B12 kuwa idan ya daɗe yana taɓa jijiyoyi, wani lokaci ta yadda ba sa komawa daidai. Wannan ita ce babbar matsalar masu fita waje a yi musu aiki, a Masar ne ko Indiya ko Turkiyya: aikin yakan yi kyau, amma mutum ya hau jirgi ya dawo gida ba tare da wani likita da zai riƙa bibiyarsa ba. Ki nemi rahoton aikinki daga asibitin da aka yi shi, ki kai shi wurin likita a nan gida. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, suna da likitocin ciwon sukari da masana abinci. Ki nemi a duba yawan jininki da ajiyar ayon, da B12, da folik asid, da bitamin D da kalsiyam, da aikin ƙoda, da gwajin sukari na wata uku, da kuma tayirod, wato ƙwayar nan ta wuya wadda idan ta yi sanyi take kawo kasala da zubar gashi da ƙin rama. Ki tafi da duk maganin da kike sha a jaka, har da na tazarar haihuwa, domin akwai magungunan da ke sa ƙiba, kamar allurar tazara ta wata uku ga wasu mata, da wasu magungunan damuwa, da dangin magungunan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake bayarwa don asma ko ciwon gaɓɓai. Kada ki dakatar da ko ɗaya da kanki, ki bar likita ya duba ko akwai madadi.

Kafin ranar ganin likita, ki samo littafi ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki har kwana bakwai, da lokacinsa, har da lomar ɗanɗana miya da ragowar abincin yara. Kada ki gyara komai a wannan makon, ki rubuta kawai. Ba don ki tuhumi kanki ba, sai don masanin abinci ya ga abin da ke faruwa a zahiri, ke ma ki gani.

Daga nan sai ki dawo da abinci sau uku a rana, a zaune, a ƙaramin faranti, kuma a kowane zama furotin ne zai fara shiga. Ƙa'idar da likitocin wannan fanni suke bayarwa ita ce aƙalla giram 60 a rana, da yawa kuma sukan ce a nufi 80. Wannan ba ya buƙatar garin gwangwani mai tsada daga waje. Ƙwai guda yana da wajen giram 6, saboda haka biyu da safe sun ba ki 12. Kifi ko kaza ko jan nama marar kitse, dafaffe ko gasasshe, gwargwadon tafin hannunki, yana ba da giram 20 zuwa 25. Kofin nono ko kindirmo marar sukari yana da wajen 8, rabin kofin dafaffen wake kuma wajen 7. Alale da awara da dambun kifi duk suna cikin lissafi, sai dai a kula da mai, domin cokalin miya guda na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, awara kuwa idan aka tsoma ta a kasko shan mai take yi kamar soso, gara a saka ta a miya ko a gasa. Bayan furotin sai ganye, zogale ko rama ko alayyafo ko kuɓewa, sannan tuwo ko shinkafa su zo a ƙarshe, loma biyu ko uku idan akwai sauran wuri. Na san wannan ya juya tsarin kwanonmu, inda tuwo ne sarki, nama kuma ɗan rakiya, amma cikin da ba ya ɗaukar fiye da kofi guda ba shi da wurin da zai ba tuwo kafin nama. Ki tauna sosai, ki ɗauki kamar minti 20 kina ci, kuma kada ki haɗa ci da sha: ki jira rabin awa bayan kin gama kafin ki sha ruwa, don kada ruwan ya wanke abincin ya dawo miki da yunwa da wuri. Tsakanin abinci kuma ki riƙa kurɓar ruwa har ki kai lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, fiye da haka a lokacin bazara. Idan azumi ya zo, kuma likitanki ya amince ki yi, tsarin bai canza ba: ruwa da dabino ɗaya ko biyu, ki yi salla, sannan nama ko ƙwai kafin kunu da ƙosai su cike wurin.

Abu na gaba shi ne wanda mata suka fi gudu, kuma shi ne ya fi dacewa da matakin da kike. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Tafiya da sauri a tsakar gida ko a layi bayan sallar asuba tana biyan na farko. Na biyun ne nake so ki ba muhimmanci, domin shi ne yake dawo da tsokar da kika rasa, kuma ba sai kin je gidan motsa jiki ba. Ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, ki huta, ki maimaita sau uku. Ki dafa bango ki tura jikinki gaba da baya. Ki ɗaga robar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu, idan ta yi miki sauƙi ki koma jarka. Sirrin shi ne a riƙa ƙara nauyi ko yawan maimaitawa duk bayan mako biyu ko uku. Idan kina jin wani kumburi a wurin ɗinki ko a cibiya, ki bari likita ya duba kafin ki fara ɗaga abu mai nauyi. Ki kuma kula da barci, domin wadda take kwana a kan waya har ɗaya na dare ta tashi da asuba takan wuni da yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Ina so ki san wani abu tun yanzu don kada ranki ya ɓaci: mai wannan tsari tana iya yin wata biyu sikeli bai sauka ba, alhali zanenta yana ƙara zagaye ta. Saboda haka ki rage hawa sikeli zuwa sau ɗaya a mako, da safe, ki kuma samo tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugunki a saitin cibiya sau ɗaya a wata. Ma'aunin da ake amfani da shi mai sauƙi ne, wato ƙugu ya kasance ƙasa da rabin tsayi, a wurinki kamar santimita 81. Ko shi ma ba zai faɗa miki gaskiya duka ba, saboda wadda ta sauke kilo 42 bayan haihuwa huɗu tana ɗauke da fatar da ta saki a mara da damatsa da cinyoyi, wadda takan kai kilo da dama, kuma babu yunwa ko shayi ko motsa jikin da zai narkar da fata. Mai yiwuwa wani kaso na kilo 11 ɗin nan fata ce. Idan tana sa miki gumi da ƙuraje da ƙaiƙayi a ƙarƙashin mara, akwai aikin cire ta, wanda ake yi bayan nauyi ya tsaya wuri guda aƙalla wata shida, jini ya cika, kuma mace ta gama haihuwa.

Yanzu ga tambayoyinki biyu. Sake yin aiki ban ga dalilinsa ba a abin da kika faɗa mini. Ana yin sa ne ga wanda bai sauke abin kirki ba, ko wanda nauyi ya dawo masa sosai, ko ciwon sukari ya dawo, ko kuma ƙwannafi mai tsanani ya hana shi sakat bayan irin aikinki, sai a mayar da shi aikin karkatar da hanji. Aiki na biyu ya fi na farko haɗari, kuma yana ƙara ƙarancin sinadarai ga wadda tun yanzu alamun ƙarancin suka bayyana a jikinta.

Allurar kuwa magani ce ta gaskiya, ba zan kushe ta ba. Semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic don ciwon sukari da Wegovy don ƙiba, an amince da shi a Amurka a matsayin maganin ƙiba a 2021, bayan gwajin da ya nuna ana sauke kusan kashi 15 na nauyi a cikin mako 68. An kuma gwada ɗan'uwansa liraglutide a Landan a kan mutum 70 da aka riga aka yi wa aiki, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna sun ƙara sauke kusan kashi 9 a cikin mako 24. Sai dai ki lura, waɗanda aka zaɓa a wannan gwaji mutane ne da ba su sauke fiye da kashi 20 ba bayan aikinsu, ke kuwa kin sauke 33. Maganin yana aiki ne ta hanyar rage sha'awar ci, kuma ke a yanzu ba yawan ci ne matsalarki ba, rashin cin abin da ya dace ne, don haka idan kika fara shi a wannan hali tsokarki da gashinki ne za su biya. Yana da tsada, kuma waɗanda suka daina semaglutide a gwajin can sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a cikin shekara guda. Ba a yin sa da juna biyu, ana ma dakatar da shi wata biyu kafin a nemi ciki. Ga kuma jabu, wanda ya yi yawan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kansa a watan Yunin 2024. Idan bayan wata uku zuwa shida jininki ya daidaita, cin abincinki ya gyaru, likita kuma ya ga sukarinki yana neman dawowa ko nauyi yana hawa, to sai ku tattauna batun allura, ta fito daga hannunsa da kantin magani mai rajista, ba daga hannun mai sayar da shayi ba.

Game da masu magana a biki, na san zafin abin, musamman idan daga bakin dangi ya fito, kuma ba zan ce miki ki yi kamar ba ki ji ba. Amma ki tambayi kanki daga ina lambar 75 ta zo. Idan likita ne ya ba ki ita saboda wani dalili na lafiya, ki tambaye shi dalilin. Idan kuwa nauyinki ne na lokacin aure, ko wata lamba ce da kike ganin za ta rufe bakin mutane, to ki sani waɗanda suka ce da sauranki a 86 su ne za su ce kin lalace kamar mai jinya a 75. Da wannan tsari mai yiwuwa ki sauke kilo huɗu ko biyar a hankali cikin watanni, mai yiwuwa fiye, mai yiwuwa kuma jikinki ya zauna a kusa da 82 ya ƙi gaba. Idan hakan ta faru alhali sukarinki yana daidai, jininki ya cika, ƙafafunki suna ɗaukarki, ni a wurina riƙe wannan nauyi shekara goma ya fi taɓa 75 na wata biyu.

Kada ki jira ranar da aka ba ki a asibiti idan jirin ya kai ki ga faɗuwa, ko kina amai a kai a kai, ko kina jin ƙafafunki suna dindiris ko rashin ƙarfi, ko ganinki yana rikicewa, ko bayan gidanki ya yi baƙi, ko ciwo mai tsanani ya kama ki a saman ciki ta dama, wanda kan iya zama tsakuwar matsarmama da saurin rama ke haifarwa. Waɗannan na ranar ne, a tafi asibiti kai tsaye, kuma ki gaya wa duk likitan da ya karɓe ki cewa an yi miki aikin rage tumbi, ki kuma guji shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ba tare da izininsa ba.

Ki sake rubuto mini bayan wata uku, ƙanwata. Ki faɗa mini abin da gwajin jini ya nuna, da awon ƙugunki, da ko gashin ya daina zuba, da kuma sau nawa kike iya miƙewa daga kujera ba tare da kin dafa ba. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya raya miki zuri'a.